Yadda shugabanci ke sa ma'aikatan asibiti kare muhalli a Birtaniya

Aikin asibiti shi ne warkar da marasa lafiya, amma shi ma yana da hannu a ɗumamar yanayi. Wani rahoto da ƙungiyar Health Care Without Harm ta fitar a 2019 ya nuna cewa ɓangaren kiwon lafiya ne ke fitar da kashi 4.4 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya.

A watan Oktoban 2020, hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta zama ta farko a duniya da ta yi alƙawarin kawo ƙarshen nata kason. Ta tsayar da shekarar 2040 ga hayaƙin da take da iko a kansa kai tsaye, da 2045 ga wanda ke fitowa daga masu sayar mata da magunguna da kayan aiki.

Alƙawari a takarda ba ya sauya ɗabi'a. Saboda haka aka wajabta wa kowace hukumar asibiti ta tsara shirinta na kare muhalli, ta kuma naɗa wani daga cikin shugabanninta da zai amsa tambaya a kai. Ma'aikaci kan ɗauki abu da muhimmanci idan ya ga na gaba da shi ma ana bin diddiginsa.

Sai dai ma'aikata sun fi karɓar sauyi idan suka ga amfaninsa ga majinyaci. A 2018, asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan ya ja hankalin ma'aikatansa su daina sanya safar hannu ta roba inda wanke hannu ya wadatar. An rage amfani da miliyoyin safar, kuma matsalar fatar hannu ta ragu a tsakanin ma'aikata.

Haka likitocin sa barci kafin tiyata suka riƙa kauce wa iskar desflurane, wadda ƙarfinta wajen ɗumama duniya ya ninka na iskar kabon kusan sau 2,500, domin akwai madadinta. A 2023 Scotland ta zama ƙasa ta farko da ta haramta amfani da ita.

Abin da ya rage shi ne mafi wuya: fiye da rabin hayaƙin NHS daga kamfanonin da ke samar mata da kaya yake fitowa, kuma wannan shawara ce ta masu sayen kaya, ba ta ma'aikacin jinya ba.