Harajin Taga a Ƙasar Ingila

Mun saba ɗaukar hasken rana a matsayin kyauta daga Allah, wadda ɗaga labule kawai ya isa ta cika ɗaki. To amma idan muka waiwayi tarihi, za mu tarar akwai zamanin da hukuma ta yanka wa wannan ni'ima kuɗi. A shekarar 1696, zamanin Sarki Wiliyam na Uku, gwamnatin Ingila ta ƙaƙaba wa jama'a harajin taga. Dabarar kuwa ita ce, ba sai mai karɓar haraji ya shiga gida ya binciki dukiyar mutum ba, daga bakin titi zai tsaya ya ƙirga tagogi. Kowane gida sule 2 ne, sa'an nan a ƙara wa mai taga 10 zuwa 20, wanda ya haura haka kuma a ƙara masa fiye.

Attajiri aka nufa, amma a kan talaka ta ƙare. A birane, babban gidan haya mai iyalai barkatai gida ɗaya ake lissafa shi, don haka sai masu gidaje suka shiga toshe tagogi da jan bulo. 'Yan haya suka koma zaman duhu da danshi, ba iska, ba rana. Likitoci sun daɗe suna kukan cewa zazzaɓi ya samu matattara a irin waɗannan ɗakuna, amma baitulmali ya yi kunnen uwar shegu, domin kuɗi na shigowa.

Sai a 1851 aka soke harajin, bayan shekara 155. Faransa kuwa, wadda ta haɗa har da ƙofofi tun 1798, ba ta yar da nata ba sai a 1926.