Canza mahaɗan bututun gas a tsohuwar kanta

Idan kantarka na wuyar tashi da safe, ko ta mutu a hanya da buhunan masara a baya, kada ka yi saurin zargin famfon injekta. Fara duba mahaɗan bututun gas. Daga tanki zuwa ƙaramin famfo zuƙo mai ake yi, shi ya sa mahaɗar da ta saki ba lallai ta ɗiga ba. Iska take sha kawai.

In za ka sake jan layin, ciro tsohuwar mahaɗar ka tafi da ita shago. Kanta da Marsandi awon milimita gare su, tsohuwar Bedford kuwa inci. Kada ka yarda bakanike ya ɗaura na wannan a ramin wancan da ƙarfin sifana, haƙoran ne za su cinye. Tiyo ma ya zama na mai, daidai bakin bututun: mai 10mm a kan bakin 8mm ba zai kama ba, ko ka matse kilif iya ƙarfinka. Tiyon ban ruwa, wanda nake yawan gani, gas na lalata shi, ɓarɓashin ya toshe filta.

Kusoshin da mai ke bi ta cikinsu, sa musu sababbin wosha na jan ƙarfe sama da ƙasa. Bututun ƙarfen da ke zuwa nozul kuwa ba a yi masa ƙari ko walda, sabo ake saye. Bayan ka gama, sassauta kusar kan filta, ka yi ta danna famfon hannu har kumfa ta ƙare.