Wane ƙari ne ya cancanci kuɗinka idan za ka sayi motar tokunbo?

Duk wanda ya taɓa zuwa neman mota a kasuwar Berger da ke Apapa, ko wani filin dillalai a Ibadan ko Fatakwal, ya ji kalmar nan "ful ofshin". Da zarar dillali ya furta ta, farashi ya tashi. Zai danna maɓalli rufi ya zuge, ya shafa kujerar fata, ya nuna maka allon da ke gaba, sannan ya ce, "Alhaji, wannan ba irin waɗancan ba ce." Ni ma da haka aka kama ni a motata ta farko. Yanzu ina kan ta uku, duk tokunbo, kuma 'yan'uwa a unguwa suna yawan tambayata wane ƙari ne mai amfani. Shi ya sa na ga gara in rubuta a wuri ɗaya.

Ma'aunina guda ne: shin ana iya saka abin daga baya, ko kuwa sai daga kamfani? Abin da mai wayarin zai ɗaura maka da yamma ɗaya a Ladipo, kada ka biya dillali kuɗi mai yawa a kansa. Abin da ba ya sakuwa sai a masana'anta, shi za ka tsaya ka tabbatar yana nan kuma yana aiki. Ka kuma tuna cewa motar da za ka saya ta yi shekara goma ko sha biyar a hannun wani, don haka kowane maɓalli da ke cikinta shekarunsa ke nan shi ma.

Abubuwan da ba a gani, su ne na farko

Birkin ABS shi ne wanda ke hana taya ƙamewa idan ka taka birki da ƙarfi, don ka iya juya sitiyari ka kauce. Idan ya kama aiki za ka ji fedar tana rawa a ƙarƙashin ƙafarka. Kada ka ɗaga, haka yake. A kan ABS ɗin aka gina wata na'urar da ke hana mota zamewa a kwana ko a kan kwalta mai ruwa. Ita da kanta take danne birkin taya ɗaya ta daidaita motar kafin direba ya ankara. Toyota na kiranta VSC, Honda VSA, wasu motocin Jamus kuma ESP. A Amurka an wajabta ta a sababbin ƙananan motoci daga samfurin 2012. Kafin nan, a motoci da yawa ƙari ce da mai saye ke zaɓa. Wato idan kana duba Camry ɗin da ake kira Muscle ta 2007 ko 2008, wata tana da ita, wata babu, alhali a ido iri ɗaya ne.

A nan Kudu, inda ake ruwa tun daga Afrilu har Oktoba, wannan ba ado ba ne. Wata rana da damina a hanyar Ore zuwa Benin wata tirela ta matse ni, na fizgi sitiyari, bayan motar ya fara lilo. Sai na ga wata fitila tana ƙiftawa a gabana, motar ta dawo kan layi. Iyalina suna baya. Tun daga ranar ban ƙara kallon motar da ba ta da wannan na'ura ba.

Jakar iska ita ce inda aka fi yin ha'inci. Da yawa daga motocin da ke sauka a Tin Can an sayo su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari a Amurka. Jakar ta riga ta fashe, sai a liƙe murfin sitiyarin a bar cikin fayau. Ga gwajin da nake yi, kuma ba ya cin ko kwabo: ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba. Fitilar ABS da ta jakar iska (wasu motoci SRS suke rubutawa) dole su kama, su yi 'yan daƙiƙoƙi, sannan su mutu. Idan ba su kama ba sam, an cire ƙwan ne ko an rufe shi. Idan kuma suka ƙi mutuwa sai da ka tayar da inji, suka ɗauke tare da fitilar baƙin mai a lokaci guda, to ka yi zargin an haɗe musu waya ne. Ka zo da bakaniken da ke da na'urar duba kwamfutar mota, domin duk motar Amurka daga 1996 tana da ramin da ake jona ta a ƙarƙashin sitiyari. Ka kuma kwafi lambar shasi mai harafi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba, ka sa a bincika maka tarihinta a intanet. A nan ne ake gane wadda ambaliya ta taɓa cinyewa. Dillalin da ya hana ka yin wannan ya riga ya ba ka amsa.

Esi da giya

Mutanenmu da suka saba da Arewa suna ɗaukar esi abin jin daɗi ne na lokacin zafi. A Legas aikinta ya wuce haka. Idan ana ruwa ka rufe gilasai, nan da nan gilashin gaba ya yi hazo, kuma esi ce kaɗai ke busar da iskar ta share shi. Na sha ganin direba a kan gadar Third Mainland yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana goge gilashi da tsumma. Sannan a gosulon Oshodi ko Mile 2 da dare, gilashi a rufe ya fi kwanciyar hankali, kowa ya san dalili. Eh, tana ƙara shan mai, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa lissafin lita yake yi. Duk da haka ba zan sayi mota ba tare da ita ba. Ka gwada ta da rana tsaka, mota a tsaye, na minti goma sha biyar. Wadda aka ɗura wa gas da safe don kai kaɗai tana iya yin sanyi a ranar, shi ya sa za ka sa a duba ko akwai yoyo. Mai iyali da ke neman Sienna ko makamanciyarta ya tabbatar esin baya ma tana hurawa, don bututunta dogaye ne kuma gyaransu akwai wahala.

Esi mai raba sanyin direba da na fasinja kuwa, ban ga abin da ta ƙara min ba sai ƙananan injinan da ke cikin dashbod, waɗanda idan ɗaya ya mutu sai an kwance gaban motar.

Giya otomatik: idan harkarka a cikin gari take, ka saya. Wanda ya yi awa biyu yana taka kuloci daga Mile 12 zuwa Ojota ba ya buƙatar a yi masa bayani. Sharaɗinta shi ne man giyar da kamfani ya rubuta, ba wanda mai shago ya ce "duk ɗaya ne" ba, musamman nau'in da ake kira CVT, wanda mansa daban ne. Kuma ka sani ba a tayar da ita da turi, don haka batir mai kyau da wayar jona batir su zauna a but.

Tsayi ya fi taya huɗu

Dillalai suna son tallata mota mai jan taya huɗu. Ni a ganina, abin da mazaunin Agege ko Ajegunle ko Aba ke buƙata shi ne mota mai ɗan tsayi daga ƙasa. Abin da ke kashe inji a ambaliya shi ne ruwa ya shiga ta inda yake shaƙar iska, kuma jan taya huɗu ba ya hana wannan. Abin da yake ƙara maka shi ne nauyi, shan mai, da buƙatar tayoyin huɗu su zama girma ɗaya da cinyewa ɗaya, in ba haka ba na'urar raba ƙarfin ta wahala. Ga wani abu da mutane ba sa sani sai sun saya: Sienna mai jan taya huɗu ta shekarun 2004 zuwa 2020 ba ta zuwa da safaya, don an yi ta ne da tayoyin da ke iya tafiya ko sun sace. A nan kuwa yawanci an riga an canza su da na gama-gari. Ka yi tunanin faci tsakanin Jebba da Mokwa da daddare babu safaya. Wanda ke shiga ƙauye da damina, ko mai zuwa gona, shi ne taya huɗu ta yi wa rana.

Haka ma manyan wili masu siririyar taya. Suna da kyau a hoto, amma rami ɗaya ya isa ya kumbura tayar ko ya tsaga wilin. Na fi son wili ƙarami da taya mai kauri. Idan za ka duba taya, ka nemi lambobi huɗu a gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019.

Inji mai fulogi shida yana da daɗi idan an cika mota da mutane da kaya za a gida Sallah, kusan kilomita dubu daga Legas zuwa Kano. Amma tafiyar sau ɗaya ce ko biyu a shekara, gidan mai kuwa kullum ne. Ga ƙaramar mota, fulogi huɗu ya wadatar.

Waɗanda na biya, na yi da-na-sani

Rufi mai zugewa shi ne na ɗaya. Ba na jin na buɗe shi ya kai sau goma a shekara uku. Da rana zafi, da damina ruwa, a gosulo hayaƙi. Abin da ba a faɗa maka shi ne yana da ƙananan bututu a kusurwoyinsa da ke zubar da ruwa zuwa ƙasa. Ƙura da ganye suna toshe su. Nawa ya toshe, ruwa ya bi ta ginshiƙin gilashi ya taru a ƙarƙashin kafet ban sani ba, sai da wari ya tashi kuma wayoyi suka fara hauka: yau gilashi ya ƙi sauka, gobe fitila ta kama da kanta. Kuɗin da na kashe ya fi abin da na ƙara wajen saye. Idan taka tana da shi, ka sa a busa bututun kafin kowace damina.

Kujerar fata tana da amfani ɗaya na gaske: mai yara zai goge kunu da shayi da tsumma kawai. Amma idan mota ta wuni a rana tana ƙuna, kuma tsohuwar fata tsagewa take yi. Masu ɗinkin kujera suna nan ko'ina, don haka wannan yana cikin abin da ake yi daga baya.

Kujera mai ɗumama jiki, sitiyari mai ɗumi, da taswirar da ke allon motar, duk an yi su ne don wata ƙasa. Taswirar titunan Amurka ce a ciki, wayarka ta fi ta sanin Ikorodu. Shokozoba mai aiki da iska, irin ta wasu manyan jif-jif, tana da laushi har ranar da za ka fito da safe ka tarar motar ta durƙusa gefe ɗaya. Masu ita da yawa cire ta suke yi su sa ta ƙarfe.

Na'urar riƙe gudu ba tare da taka totur ba, na gwada ta a hanyar Legas zuwa Ibadan bayan an gyara ta. Tana aiki, sai dai tsakanin tirela da shingen bincike ba ka minti biyar ba ka taɓa birki ba.

Na saka daga baya

Kyamarar baya tana da amfani ƙwarai a lungunan Sabo da Idi-Araba, inda yara ke wasa a bayan mota. A Amurka sai a watan Mayun 2018 ta zama dole a sababbin motoci, don haka tsofaffi da yawa ba su da ita. Ba matsala, ana saka ta tare da allo da Bluetooth a wuni ɗaya. Ka dai nemi mai wayarin da zai yi amfani da soket, ba wanda zai yi ta yanka waya yana naɗe ta da salatif ba.

Na'urar bin sawun mota ma na saka, kuma ina ba da shawararta. Layin waya ne a cikinta, idan ka bari aka rufe layin, ka ɗauko ƙarfe ne kawai. Ka riƙa gwada ta duk wata.

Makulli mai dannawa ba laifi, amma ka nace a ba ka guda biyu tun wajen ciniki, domin yin sabo sai an haɗa shi da kwamfutar motar, kuma da tsada. Idan batirinsa ya mutu a hanya, a yawancin motoci kana manna makullin a jikin maɓallin tayarwa ka danna, za ta tashi.

Sai gilashi mai duhu. Jif-jif da Sienna da yawa da shi suke zuwa a baya tun daga kamfani, amma wannan bai hana a tsayar da kai a tambayi takardar izini ba. 'Yan sanda sun dakatar da bayar da takardar a 2021, suka dawo da ita a 2025. Mu da muke bin doguwar hanya muna wuce shinge bayan shinge, ban ga dalilin ƙara wa kai abin magana ba. Idan ba da shi ta zo ba, kada ka liƙa. Idan da shi ta zo, ka tambayi halin da dokar take ciki kafin ka kama hanya, ka ajiye takardarka tare da sauran takardun mota, kusa da abin kashe gobara da alwatikan gargaɗi da 'yan Road Safety ke tambaya.