Tsakanin Aji da Fangali: Nazari kan Horon Ɗaliban Noman Lambu da Tsara Filaye a Kwalejojin Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda kwalejojin aikin gona ke horar da ɗalibai a fannin noman lambu da tsara filaye a Arewacin Nijeriya. Hanyar da aka bi ita ce bitar tsarin karatun difloma, sannan aka auna shi da zagayowar aiki a fadama da kasuwar kayan gwari da kuma bukatar inuwa a birane. Matsayin maƙalar shi ne, makarantun suna nan kuma an kafa su a inda ya dace, amma horon bai ƙulla zumunci sosai da lokacin lambu da harshen 'yan lambu da yanayin ƙasa mai dogon rani ba.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya san lambu tun kafin a buɗe makarantar gona ko ɗaya. Da jigo yake ɗebo ruwa daga rijiya ko gulbi, ya kora shi fangali bayan fangali, ya fitar da albasa da alayyafo da yalo a tsakiyar rani. Abin da ya sauya a ƙarni na ashirin shi ne girman harkar. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta mayar da Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam cibiyar noman rani. Daga baya shirin Fadama na shekarun 1990 ya yaɗa ƙananan injinan ban-ruwa har suka ture jigo. Yau tumatir da tattasai da attaruhun da ake saukewa a kasuwar Mile 12 ta Legas, akasarinsu daga Arewa ake lodo su.

Sana'ar da ta kai haka tana bukatar ƙwararru. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: wane irin ƙwararre kwalejojinmu ke yayewa, kuma ɗan lambu yana da abin da zai ƙaru da shi a wurinsa?

2.0 Makarantun da tsarin horo

Kwalejin Noman Lambu ta Tarayya da ke Dadin Kowa a Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2002, ita ce wadda sunanta kansa ya keɓe ta ga wannan fanni, kuma tana zaune kusa da madatsar ruwan da ke kan kogin Gongola. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen kwalejojin aikin gona da ya haɗa Samaru da Kabba da Mando ta Kaduna. Jihar Kano tana da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta. A ɓangaren bincike, Cibiyar Binciken Noman Lambu ta Ƙasa, wato NIHORT, an kafa ta a Ibadan a 1975, tana kuma da reshe a Bagauda.

Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, da aka kafa a 1977 mai hedikwata a Kaduna, ita ke tantance darussan difloma. Ɗalibi yana yin shekara biyu ya sami difloma ta ƙasa, ya fita ya yi aƙalla shekara ɗaya yana aiki, sannan ya dawo ya ƙara biyu don babbar difloma. A cikin karatun farko akwai wata huɗu na sanin makamar aiki a wajen makaranta. A takarda, tsari ne mai kyau, domin ya gina hannu da ƙwaƙwalwa tare.

3.0 Lokacin karatu da lokacin lambu

Tumatir ba ya son zafin dare. Idan dare ya yi zafi fure yakan zube bai ƙulla 'ya'ya ba. Shi ya sa babban noman tumatir a Arewa ke tafiya da hunturu: a yi renon iri da ɗaukewar damina, a yi dashe wajen Nuwamba, a shiga tsinka daga Janairu zuwa Maris. Albasar Aliero a Kebbi da ta Galmi a Jamhuriyar Nijar su ma 'yan rani ne. Kalandar makaranta kuwa ba ta san da wannan ba. An gina ta kan zangon karatu da jarrabawa da hutu, yajin aiki kuma kan ƙara karkata ta. Duk shekarar da watannin sanin makamar aiki suka faɗo cikin damina, ɗalibin lambu zai je fadama ya tarar da masara da shinkafa. Yana iya kammala difloma bai taɓa bin amfani guda tun daga gadon reno har zuwa hannun dillali ba.

A ganin mai wannan maƙala, nan ne babban giɓin yake, kuma gyaransa ba ya cin kuɗi mai yawa. Kwaleji tana iya ɗaure horon waje da watannin rani, ta damƙa kowane ɗalibi ga gogaggen ɗan lambu na tsawon zagaye ɗaya, ta kuma ba manomin matsayin malami a fili. Wanda ya shekara talatin yana kora ruwa yana gane ƙishin shuka daga yadda ganye ya kwanta da hantsi, ya san fangalin da gishiri ya fara ci daga farin da ke fitowa a bakinsa. Ɗalibi kuma ya zo da sanin abin da ke haddasa gishirin, da yadda magudana za ta wanke shi. Kowanne yana riƙe da abin da ɗayan ba shi da shi.

Harshe ma yana cikin lissafi. Da Ingilishi ake karantarwa, da Ingilishi ake jarrabawa, amma da Hausa malamin gona zai yi bayanin awon magani a bakin rijiya. Ɗan lambu da murfin kwalba yake auna maganin feshi, da mudu yake auna taki. Malamin da bai iya juya ma'aunin littafi zuwa waɗannan ba, za a saurare shi cikin ladabi, a koma yin yadda aka saba. Ya kamata a riƙa gwada ɗalibi a gaban manoma, da bakinsu, kafin a ba shi takarda.

4.0 Darasin sharon da darasin kwando

A 2016 tsutsar da masana ke kira Tuta absoluta, manoma kuma suka laƙaba mata sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Asalin ƙwaron Kudancin Amurka ne, ya ɓulla a Sifaniya a 2006, daga nan ya bazu. Tsutsar tana shiga cikin naman ganye ta ɓuya, don haka feshi ba ya isa gare ta yadda ya kamata, kuma tana saurin sabawa da magani. Manomi da ya ga haka sai ya ninka feshi, ya ƙara wa kansa asara, ya ƙara wa mai saye guba. Abin da ake bukata shi ne idon da zai gane ɓarnar tun tana ƙarama, da tarkon ƙamshi mai janyo mazan ƙwaron, da sauya nau'in magani, da ƙone ragowar shuka bayan tsinka. Duk wannan aikin mai difloma ne, muddin ya koye shi a gona da hannunsa.

Asara ta biyu a hanya take. Ana jibga tumatir a kwando, a ɗora kwando kan kwando, mota ta yi kwanaki zuwa kudu, na ƙasa ya isa a matse. Akwatin roba yana rage wannan, amma yana da tsada kuma sai an dawo da shi fanko. Lokacin da kaya suka yi yawa, manoma kan yanka tumatir su shanya a ƙasa ya zama kauɗa mai ƙura. Ɗalibin da ya iya gina ma'ajiyar albasa mai shan iska, ko wurin shanya mai tsabta, ya sami sana'ar da ba sai ya jira gwamnati ta ɗauke shi aiki ba.

5.0 Tsara filaye: inuwa kafin ado

Ɓangaren tsara filaye shi ne wanda aka fi yi wa gurguwar fahimta. Da yawa sun ɗauke shi shuka furanni da shimfiɗa koriyar ciyawa a gidajen masu hali. Abuja ce ta zama abin koyi, da wuraren shaƙatawa irin Millennium Park da aka buɗe a 2003. To amma Abuja tana samun ruwan sama fiye da Kano da Sakkwato da Maiduguri, inda rani ke cin sama da rabin shekara. Ciyawar da sai an shayar da ita kullum, a unguwar da mutane ke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa, tsari ne da ba zai ɗore ba.

Magabata sun riga sun nuna hanya. Durumi da ceɗiya a ƙofar fada da bakin kasuwa an dasa su ne don mutane su zauna. Darbejiya, wadda asalinta yankin Indiya ne, ta lulluɓe titunan Maiduguri saboda ta jure fari. Maɗaci da tsamiya da marke duk suna yin inuwa ba tare da sun nemi famfo ba bayan sun kafu. Mai tsara fili a Arewa ya kamata ya fara da tambayar inda rana ke dukan gini da azahar, da inda ruwan damina ke bi, da itacen da saiwarsa ba za ta fasa gini ko kwalbati ba.

Kasuwar wannan ilimi tana nan a bakin titi. Masu gandun renon itatuwa da ke jere da ledojin dashe a biranen Arewa, mafi yawansu a hannun wani suka koya. Mangwaro mai aure yakan fara 'ya'ya cikin kimanin shekara uku, na ƙwallo kuwa sai ya haura biyar, kuma ba lalle ya gado zaƙin uwarsa ba. Mai saye ba ya iya bambance su a leda sai ya san inda zai duba tabon auren a jikin kara. Kwalejin da ta buɗe gajeren kwas da Hausa ga waɗannan masu reno, ta kuma ba da shaida ga wanda ya ƙware, za ta taɓa kowace bishiyar da za a dasa a makarantu da masallatai da titunan garin da take zaune.