Shari'ar Margaret Garner da Doguwar Tafiyarta Zuwa Adabi

A shekarar 1850 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar kamo gudaddun bayi, wadda ta wajabta wa jihohin arewa, inda aka riga aka haramta bauta, su mayar da duk bawan da ya tsere ga ubangidansa. Tun daga lokacin kogin Ohio, wanda ya raba Kentucky mai bayi da jihar Ohio, ya daina zama iyakar wahala, domin mai gudu ba ya samun kwanciyar hankali sai ya taka Kanada. Bayan shekara biyu Harriet Beecher Stowe, wadda ta daɗe tana zaune a Cincinnati a bakin wannan kogi, ta fitar da Uncle Tom's Cabin, inda baiwa Eliza, da jin an sayar da ɗanta, ta sungume shi ta tsallaka bisa ɓallin ƙanƙara, kuma ta tsira. Irin uwar da masu karatu na wancan zamani suke iya ɗauka ke nan: ta sayar da ranta, Allah ya kuɓutar da ita.

A ƙarshen watan Janairun 1856 sanyi ya tsananta har kogin ya daskare. Cikin dare Margaret Garner, baiwar Archibald Gaines a gonar Maplewood da ke gundumar Boone, ta fita da mijinta Robert da 'ya'yanta huɗu da iyayen mijin, suka taka ƙanƙara suka shiga Cincinnati, suka ɓuya a gidan wani ɗan'uwanta. Kafin a samu hanyar wucewa da su gaba, Gaines da jami'an tarayya suka kewaye gidan. Robert ya yi harbi ya raunata mutum ɗaya, ita kuwa Margaret, da ta ga an ɓalle ƙofa, ta ɗauki wuƙar fawa ta yanka 'yarta Mary mai shekara biyu, ta ji wa sauran rauni kafin a riƙe hannunta. Ba ta musanta ba, ba ta kuma ce hankalinta ya gushe ba. Ta gaya wa masu tambayarta cewa gara mutuwar 'ya'yan da komawarsu bauta.

Shari'ar gudajjen bawa kan ƙare a yini guda, amma wannan ta ci fiye da mako biyu. Lauyanta John Jolliffe ya nemi a tuhume ta da kisan kai a ƙarƙashin dokar Ohio, abin da mai kare mutum ba ya roƙo, domin tuhumar za ta tsare ta a jihar, ta kuma tabbatar cewa ita da 'yarta mutane ne. Ɓangaren Gaines ya dage cewa dukiya ce ta gudu. Lucy Stone, mai fafutikar hana bauta, ta tsaya a ɗakin shari'ar ta jawo hankali ga hasken fatar yaran, kowa kuwa ya fahimci cewa Gaines take zargi da zama ubansu. Duk da haka John Pendery, mai sauraron ƙarar, ya yanke cewa dokar tarayya ce a sama, aka mayar da su Kentucky. A watan Maris, ana kai su kudu, jirgin ruwa mai suna Henry Lewis ya yi karo da wani, jaririyar Margaret ta nutse. Margaret ta rasu da zazzaɓin taifot a Mississippi a 1858, kamar yadda mijinta ya faɗa wa wata jarida a 1870.

Da farko adabi bai yi jinkiri ba. Frances Harper ta yi mata waƙa a 1857, Thomas Noble ya zana ta a 1867, sa'an nan aka yi shiru na kusan ƙarni guda, domin bayan yaƙin basasar Amurka babu ɓangaren da yake son tuna uwa irin wannan. A namu adabin, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi tsohuwar hanya a Shaihu Umar: uwa ta fita neman ɗanta da aka sace, ta faɗa bauta, aka ƙetara Sahara da ita. Tausayin wannan uwa ba ya wahalar da mai karatu. Na Margaret kuwa sai ya yi kokawa da zuciyarsa.

Toni Morrison, tana edita a kamfanin Random House, ta ci karo da tsohon labarin jarida a kan Margaret lokacin da ake haɗa The Black Book, wanda ya fito a 1974. Ta riƙe shi shekaru kafin ta fitar da Beloved a 1987, kuma ta sauya abu guda mai nauyi: ba a mayar da Sethe, wadda ta tsaya a madadin Margaret a littafin, bauta ba, an bar ta da 'yanci da maƙwabta masu ƙyamarta, har 'yar da ta kashe ta dawo gidan a siffar budurwa tana neman haƙƙinta. Shari'ar kisan kai da aka hana Jolliffe ita Morrison ta gudanar, amma a tsakanin uwa da 'ya, ba tare da alƙali ba. Littafin ya ci kyautar Pulitzer a 1988, marubuciyarsa ta karɓi ta Nobel a 1993.