Darussan Farko na Makaɗi a Turai da Ƙasar Kabi

Gwanintar kiɗa ba ta samuwa sai da horon hannu. A Turai, malamai sun tsara gajerun kaɗe-kaɗe musamman domin masu koyon piyano. Carl Czerny na Ostiriya (1791-1857), almajirin Beethoven, ya wallafa ɗaruruwansu, kana Hanon na Faransa ya fitar da darussa 60 a 1873 domin ƙarfafa yatsu.

A ƙasar Kabi kuwa, tun daga Birnin Kebbi har Argungu, inda Kabawa suka kafa sabuwar fada bayan faɗuwar birninsu a 1805, kiɗa gado ne. Ɗan makaɗi kan fara da kuntuku, yana riƙe bugu ɗaya a bayan kalangun mahaifinsa. Sai hannunsa ya faɗa, ya kuma haddace take iri-iri, sannan a sakar masa kalangu. Ta hanyar gadon nan ne Sani Ɗandawo ya ɗauki waƙar fada daga mahaifinsa Aliyu.

Takarda ta adana darussan Czerny har yau, amma na Kabawa a hannun dattawa suke. Saboda haka duk makaɗin da ya rasu bai bar magaji ba, da darussansa ake binne shi.