Ɗabi'ar Kimiyya a Makarantun Gwamnati da na Kuɗi

Ɗabi'ar kimiyya ta ƙunshi son sani, neman hujja kafin yarda, haƙurin maimaita gwaji, da faɗin abin da aka gani ko da ya saɓa wa zato. Daban take da cin jarrabawa, domin ɗalibi kan haddace darasi tsaf bai taɓa tambayar dalili ba.

Masu kwatanta ɗaliban makarantun gwamnati da na kuɗi sukan auna wannan ɗabi'a da takardar tambayoyi. Hanyar tana da rauni, saboda yaro kan zaɓi amsar da yake ganin za ta faranta wa malami. A ɗakin gwaji ake gane gaskiya. Idan ana ɗiga asid cikin ruwan alkali har launi ya sauya, wani ɗalibi zai rubuta adadin da idonsa ya gani, ya sake gwadawa. Wani kuwa zai leƙa littafin maƙwabcinsa ya gyara nasa.

Manyan makarantun kuɗi suna da ƙarancin cunkoso da wadatar kayan aiki, ɗalibansu kuma galibi daga gidajen masu hali suke. Amma da yawa cikin ƙananan, gidajen haya ne marasa ɗakin gwaji, kuma gasar sakamakon WAEC da NECO takan sa su fifita hadda. A makarantun gwamnati akwai malamai masu horo, sai dai aji kan zarce ɗalibai 40 da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanada wa malamin sakandare ɗaya, sai gwaji ya koma zane a allo.

Tarihin Kano hujja ne cewa mallaka ba ita ce silar bambanci ba. A shekarar 1977 jihar ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Na gwamnati ne, amma da aka tace ɗalibai, aka tanadi malamai da kayan gwaji, sun yaye ɗimbin waɗanda suka zama likitoci da injiniyoyi.

Don haka kwatancen da ya tsaya kan sunan mai makaranta ya bar jaki yana dukan taiki. Wajibi ne mai bincike ya lura da yawan ɗalibai a aji, sau nawa suke taɓa kayan gwaji da hannunsu, halin gidajensu, da yadda malami ke karɓar tambaya. Waɗannan ne ke gina ɗabi'ar kimiyya, kuma kowace makaranta na iya gyara mafi yawansu.